Mai ciki a kan injin numfashi: wa ke da ta cewa?

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Ina so likitoci da malaman da ke gidan nan su warware mini wani abu. Labarin Adriana Smith ne, ma'aikaciyar jinya 'yar shekara 30 a jihar Jojiya ta Amurka. A Fabrairun 2025 ciwon kai ya matsa mata, ta je wani asibiti aka ba ta magani ta koma gida, washegari aka tarar da ita tana kakarin numfashi. Hoto ya nuna gudajen jini a kanta, daga baya likitoci suka tabbatar ƙwaƙwalwarta ta mutu. Cikinta a lokacin wajen mako 9 ne. Aka bar ta a kan injin numfashi har 13 ga Yuni, aka yi mata aiki aka ciro ɗa namiji wanda nauyinsa bai kai kilo ɗaya ba, bayan kwana huɗu aka kashe injin. Mahaifiyarta ta ce an gaya musu dokar jihar ce ta ɗaure hannun likitoci, dokar da ta hana zubar da ciki da zarar an ji bugun zuciyar ɗan tayi. Ba ta ce da su ne za su kashe injin ba, cewa ta yi ya kamata a bar musu zaɓi. To jama'a, ceton rai aka yi ko wahalar da gawa?

Baban Sadik: Wa alaikumus salam. Hajiya, ni ban ga abin muhawara a nan ba. Uwa ta riga ta tafi, yaro ya fito da ransa. Da babu gara ba daɗi. Da an kashe injin tun Fabrairu da rai biyu aka rasa.

Likitan Barci: Kafin a kai ga halal da haram, bari a raba marasa lafiya uku da ake yawan haɗawa wuri ɗaya.

Akwai wadda ke cikin doguwar suma. Ba ta buɗe ido, ba ta amsa kira, amma ƙwaƙwalwarta na aiki. Tana iya tashi garau, tana iya tashi da nakasa, tana iya cikawa. Akwai kuma wadda sumar ta sake ta, tana buɗe ido tana rufewa, tana numfashi da kanta, amma babu alamar ta san wanda ke tsaye a kanta. Wannan mai rai ce ba ko shakka, tana iya yin shekaru a haka, cikinta ma yana iya girma har a haife shi. Ta ukun ita ce irin ta Adriana: ƙwaƙwalwa gaba ɗaya ta tsaya, har da tushenta inda umarnin numfashi ke fitowa, kuma ba ta dawowa. Zuciya na ci gaba da bugawa ne don ita ke harba kanta, muddin inji na tura mata iska. Ba da ido ake yanke wannan ba. Sai an tabbatar babu maganin barci a jikinta, jikin bai yi sanyi ba, sannan a haska ido, a taɓa ƙwayar ido, a zuba ruwan sanyi a kunne, a nemi tari, a ƙarshe a cire injin na 'yan mintuna a ga ko za ta ja numfashi.

Ta farko da ta biyu babu wata doguwar falsafa a kansu: uwa ce majinyaciya, ita ake fara ceta, kuma ceton nata shi ne ceton ɗan. Abin da ke ɓata mini rai shi ne a kawo mace ta faɗo daga kan babur, kanta ya bugu, a ƙi yi mata hoton CT wai don tana da ciki. Hasken da ke isa mahaifa daga hoton kai kaɗan ne ƙwarai, jinin da ke taruwa cikin ƙoƙon kai kuwa ba ya jira. Muna auna suma da ma'aunin Glasgow, daga 3 zuwa 15. Idan ta sauko 8 ko ƙasa, a sa mata bututun numfashi. Idan ciki ya wuce mako 20, a karkatar da ita hagu ko a tura mahaifar gefe da hannu, don kada nauyinta ya danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya. In zuciya ta tsaya kuma ciki ya kai cibiya, ƙa'ida ita ce a fara yanka a minti na huɗu, a nan inda take, ba sai an tura ta ɗakin tiyata ba. Mutane na ɗauka don jariri ake yi. A'a, ciro shi na ƙara wa ita uwar damar dawowa.

Maman Ilham: Likita, na gode. Amma ta ukun fa? Tunda ba ta jin komai, mece ce illar a bar ta?

Ɗalibar Likitanci: Anti, "a bar ta" ɗin nan ba kwanciya ce kawai ba. Idan ƙwaƙwalwa ta mutu, duk ayyukan da take yi a ɓoye sai mutane su ɗauka. Fitsari na zuba lita-lita saboda sinadarin da ke riƙe ruwa ya ƙare, sai a riƙa ba ta desmopressin. Jini na faɗuwa, sai magani ta jijiya dare da rana. Jiki ba ya iya riƙe ɗuminsa. A ƙara sinadarin maƙoshi da sitiroyid da insulin, abinci ta roba, allurar hana daskarewar jini, juyi don gyambon kwanciya. Ga ciwon huhu da na mafitsara suna zuwa suna komawa, kowane zazzaɓi da kowane magani kuma ɗan tayin na sha.

Wani nazari da aka buga a 2010 ya tattaro irin wannan lamari 30 daga 1982 zuwa 2010, jarirai 12 ne suka rayu. A matsakaici kuma, cikin matan yana wajen mako 22 lokacin da abin ya faru. A birnin Brno na ƙasar Cek, a 2019, an riƙe wata mata kwana 117 daga mako 16, har ma'aikata na motsa mata ƙafafu don jaririyar ta ji kamar ana tafiya, aka haife ta a mako 34 da nauyin kilo 2.13. A Erlangen ta Jamus kuwa, a 1992, an riƙe wata budurwa 'yar shekara 18 kimanin kwana 40, cikin ya zube da kansa. Kuma a tuna, wanda ya yi nasara shi likitoci suka fi ɗokin rubutawa.

Baban Sadik: To ai ga shi kin faɗa da bakinki, 12 sun rayu. Ko ɗaya ne ai rai ne.

Ɗalibar Likitanci: Yaya, ban ce kada a yi ba. Cewa na yi mako 9 da mako 26 ba abu ɗaya ba ne. Ɗaya jiran kwanaki ne, ɗaya jiran wata huɗu.

Malam Na-Zaure: Bismillah. Malamanmu ba su bar wannan babi fayau ba, ko da yake ba su ga injin numfashi ba.

Na farko, shin ta mutu? Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta ce idan ƙwaƙwalwa ta tsaya cak, ƙwararrun likitoci suka tabbatar ba dawowa, mutum ya mutu a shari'ance, ya halatta a cire na'ura. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a Makka, a 1987, ta yarda a cire na'urar idan likitoci uku ƙwararru suka haɗu a kai, amma ta ce ba a zartar da hukuncin mutuwa sai zuciya da numfashi sun tsaya bayan cirewar. Kada ku ɗauka saɓanin baki ne. A ƙaddara mahaifin matar ya rasu tana wata na biyu a kan inji. A bisa Amman ba ta gadonsa, don ta riga shi. A bisa Makka tana gado, rabon nata kuma ya gangara wa mijinta da 'ya'yanta, har da na cikin idan ya faɗo da rai. Ko a nan kun ga dukkansu sun halatta cire injin.

Na biyu, ɗan da ke ciki. Hanafiyya da Shafi'iyya sun ce idan mace ta rasu da ɗa mai rai a cikinta, ana kuma sa ran zai rayu, a tsaga a ciro shi. Shafi'iyya suka ɗaure abin da wata shida, domin Alƙur'ani ya ce ɗaukar ciki da yaye wata talatin, ya kuma ce shayarwa shekara biyu, saura shida. A mazhabarmu ta Malikiyya, Shehu Halil a Muhtasar ya ce ana tsaga cikin mamaci don dukiya mai yawa da ya haɗiye, amma ba don ɗan tayi ba, sannan ya kawo ɗaya fassarar cewa ana tsagawa idan ana fatan rayuwarsa. Duk almajirin da ya zo wurin nan sai ya yi turus: a tsaga don dukiya, a ƙi don rai? Masu sharhi suka ce dalili shi ne dukiyar tabbas tana nan, rayuwar ɗan kuwa a zamaninsu shakka ce, ba a keta alfarmar mamaci don shakka, tunda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Duk da haka suka ce ba a binne ta sai an tabbatar ɗan ya mutu. Yau da tiyata da kwalbar bakwaini, shakkar ta ragu, hukunci kuwa yana tafiya da dalilinsa.

Sai dai su maganar wuƙa da 'yan mintuna suke yi. Jinkirta sutura wata huɗu wata mas'ala ce daban. A fahimtata, cikin da ya isa rayuwa a waje a ciro shi, babu jan ƙafa. Wanda bai kai kwana 120 ba, lokacin busa rai a hadisin Ibn Mas'ud, ban ga abin da zai wajabta wa dangi su riƙe gawa dominsa ba, ko da yake mu Malikawa muna tsananta hana taɓa ciki tun farkonsa. Barin abin da Allah ya riga ya hukunta daban, kai hannu a zubar daban. Tsakanin biyun nan ne wurin ijtihadi, kuma maganar likita ce za ta yi nauyi.

Baban Sadik: Allah ya gafarta Malam, kenan na Adriana da an kashe babu laifi?

Malam Na-Zaure: Da danginta sun zaɓi haka ba zan kira su masu kisa ba. Da sun zaɓi a jira ma ba zan kira su masu wulaƙanta gawa ba. Abin da ban ga hujjarsa ba shi ne a ce musu ba ku da ta cewa.

Barista Mai Gilashi: Abin mamakin ma, ofishin babban lauyan jihar Jojiya ya fito a watan Mayu ya ce babu inda dokar ta tilasta a riƙe mace a kan inji bayan mutuwar ƙwaƙwalwa, don cire inji ba aiki ne da aka yi da nufin zubar da ciki ba. Wato tsoron doka ya fi dokar kanta aiki. An ga haka a Texas. Marlise Muñoz ta faɗi a gidanta a Nuwamban 2013 da cikin mako 14. Ita da mijinta ma'aikatan motar agajin gaggawa ne, sun san abin da inji ke nufi, kuma ta riga ta gaya masa da iyayenta ba ta so. Asibiti ya ƙi, ya kafa hujja da dokar jihar da ta hana janye wa mai ciki na'urar riƙe rai. Sai da miji ya kai ƙara, alƙali ya ce dokar ta marasa lafiya ce, ba ta matattu ba, aka kashe injin 26 ga Janairun 2014. Kafin nan bincike ya nuna ɗan ya samu mummunar tawaya.

Na ƙasar Ailan ya fi tayar mini da hankali. Disamban 2014, ciki wajen mako 15, mahaifin matar da kansa ya je kotu yana roƙo a bar shi ya binne 'yarsa. Likitoci suka ba da shaida cewa jikin na lalacewa, ƙwayoyin cuta sun kama shi, babu wata kyakkyawar fata ɗan zai kai ga haihuwa. Alƙalai uku suka yanke hukunci washegarin Kirsimeti cewa a cire. Su ma likitocin ba don sun yarda da abin suke yi ba, tsoron kundin tsarin mulkinsu na lokacin suke, wanda ya daidaita ran uwa da na ɗan tayi. An soke wannan sashe a 2018.

Anti Ungozoma: Na yi ta karantawa ina jinjina kai. 'Ya'yana, namu matan nawa ne suke kaiwa bakin injin? Abin da ke fasa ƙwaƙwalwar mai ciki a wurinmu jijjiga ce, taune-taune. Yarinya cikin fari, ba ta zuwa awo, ƙafa da fuska sun kumbura ana cewa cikin namiji ne. Ta ce kanta na sarawa, tana ganin walƙiya, ƙahon zuciyarta na ciwo, a ba ta panadol. Ta fara jijjiga, a ce iska ce, a kunna turare, a tura mata cokali a baki. Sai ta yi ta faɗuwa tun dare, da hantsi a ɗauko ta a Keke Napep. Kafin nan jini ya riga ya fashe a kai. Alhali allurar magnesium sulphate ba tsada gare ta ba, babban gwajin da aka yi a ƙasashe da yawa a 2002 ya nuna tana rage faruwar jijjigar da fiye da rabi. Jini ya kai 160 bisa 110 a saukar da shi da hydralazine ko labetalol ko nifedipine, a raba ta da cikin. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2023 ya ba Najeriya mata kusan 75,000 da suka rasu ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya gaba ɗaya.

Sannan ga jiran sa hannu. Mace a sume, jariri na galabaita, a ce maigida ya tafi cin rani, waya ba ta shiga, ƙanin miji ya ce shi ba zai ɗauki alhaki ba.

Barista Mai Gilashi: Anti, wannan jiran al'ada ce, ba doka ba. Mace baliga mai hankali ita ke sa wa kanta hannu. In ta suma kuma rai na cikin haɗari, likita na da hurumin yin aikin ceto ba tare da jiran kowa ba. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya ma hana a ƙi duba mai buƙatar gaggawa bisa kowane dalili. Kuma dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa ta yarda a raba mace da ciki don ceton ranta.

Ɗan Maraɗi: Ni tambayata ta kuɗi ce. Wa zai biya wata huɗu a ɗakin kulawa ta musamman? A nan ko a can Kano, mutum gona zai sayar kafin sati ya zagayo.

Likitan Barci: Ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Ba kuɗin dangi kaɗai ba, gadon ma. Asibitin da injinansa ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, idan aka ba gawa guda na wata huɗu, duk wanda aka kawo a tsakani, yaro mai sarƙe-haƙora, mai jego da jini ya ɓalle mata, a bakin ƙofa za a sallame shi. Su ba wanda zai rubuta labarinsu. Sannan a Turai ana ceto bakwaini daga mako 22 zuwa 24, mu a nan mako 28 muke lissafi, wato namu jiran ya fi nasu tsawo da wata guda, wuta kuma na ɗaukewa. Don haka idan aka kawo mini mai mako 12 ƙwaƙwalwa ta mutu, ba zan yaudari dangi ba. Mai mako 26 kuwa zan yi iya ƙoƙarina na sati biyu. Kwamitin ɗa'a na ƙungiyar likitocin mata ta duniya, FIGO, ya ce a 2011 neman ceto ɗan tayi ba ya sauke wa likita nauyin mutunta haƙƙin matar na ta mutu da martabarta, kuma abin da aka san tana so shi ne abin fara dubawa.

Hajiya Babba: To in ba a san abin da take so ba fa? Don mu nan ba a irin wannan hira, ka fara a ce kana kira wa mutum mutuwa. Ni uwa ce. In 'yata ce kwance, ba zan yarda surukina shi kaɗai ya yanke ba. Shi bayan arba'in wataƙila an ɗaura masa wani auren, ni ce zan riƙa zuwa ina ganin jikinta na kumbura.

Baban Sadik: Haba Hajiya, ku yi mana adalci. Ɗan nasa ne, sunansa zai ɗauka, shi zai ciyar. Ta yaya za a ce ba shi da magana?

Hajiya Babba: Ban ce ba shi da magana ba, ɗana. Ɗan nasa ne, jikin kuwa na 'yata ne. Kuma rainon bakwaini maraya a kan wa yake ƙarewa in ba kaka ba?

Likitan Barci: Shi ya sa ba na tambayar dangi "me kuke so". Ina tara miji da iyayenta wuri ɗaya, da malamin da suka yarda da shi, in ce: ku da kuka san ta, da za ta tashi minti biyar ta ji halin da ake ciki, me za ta ce? Sau da yawa uwa da miji amsa ɗaya suke bayarwa. Da yawan mata, in cikin ya yi nisa, za su ce a ceci ɗan ko da me za a yi wa jikinsu. Amma ita ce ta bayar, ba ƙwacewa aka yi ba.

Maman Ilham: Barista, in mace ta rubuta abin da take so tun tana lafiya, zai yi aiki?

Barista Mai Gilashi: A jihohin Amurka da dama, Texas na ciki, doka na jingine irin wannan takarda muddin mace na da ciki. A wurinmu amfaninta shi ne hujja ce a gaban dangi da likita. Ki rubuta, ki sa kwanan wata, shaidu biyu su sa hannu, ɗaya daga danginki ɗaya daga nasa, ki ambaci wanda kike so ya yi magana a madadinki. Ki kuma bambanta doguwar suma da mutuwar ƙwaƙwalwa a ciki, kada a cire wa mai rai inji da sunan wasiyya.

Baban Sadik: Malam, tambaya ta ƙarshe. In ta rubuta a kashe injin, sai abin ya same ta da cikin wata bakwai, yaro na motsi?

Malam Na-Zaure: Ba a zartar da wasiyyar da za ta halaka rai. Amma a wata bakwai ai ba a buƙatar a riƙe ta, a ciro shi a yi mata sutura. Likita, ko akwai abin da zai sa a jinkirta?

Likitan Barci: Kwana biyu kawai, Malam, in jikinta ya yarda. A yi mata allurar dexamethasone sau huɗu, awa 12 tsakani, don huhun yaron ya ƙosa, a tabbatar akwai kwalba da iskar oksijin a sashen jarirai, a nemi wadda za ta shayar. In jininta ya fara faɗuwa ko bugun zuciyar yaron ya canza kafin nan, ba a jiran allurar ta cika, a shiga da ita.